Amsoshin Tambayoyinku: In Allah Ne Ke Mulki, Wa Ya Aiko 'Yan Bindiga?

TAMBAYA

Baba Fasto, ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a ƙasar Bakura. Maigidana manomi ne, yana da 'yar gona a filin noman rani na Bakolori, ni kuma ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bara 'yan bindiga suka tare hanya suka tafi da ƙanin maigidana tare da wani maƙwabcinmu. Muka sayar da shanun huɗa da shinkafar da muka ajiye, dangi suka yi karo-karo, aka kai kuɗin fansa. Maƙwabcin ya dawo. Namu bai dawo ba, an ce ciwo ya kashe shi a daji, ko gawarsa ba mu gani ba. Dukansu biyu an yi musu addu'a dare da rana.

Masu zuwa gaisuwa kowa abin da yake faɗi shi ne, haka Allah ya so, ƙaddara ce. A coci ma an ce mana Allah ne mai mulkin kome. Baba, in haka ne, Allah ne ya aiko mutanen nan? In ya riga ya yanke kome, mene ne amfanin addu'ata? Maigidana yana so mu koma Gusau, amma wani dattijo ya ce gudu rashin bangaskiya ne. Ga ɗana na fari kuma, ba ya maganar kome sai ramuwa. Ina jin tsoron kada in yi saɓo da tambayar nan, amma ta hana ni barci.

'Yarka cikin Ubangiji, daga Bakura.

AMSA

'Yata, Allah ya ta'azantar da gidanku. Ki gaishe mini da maigidanki da matar marigayin. Ki kwantar da hankalinki a kan maganar saɓo. Annabi Habakuk da irin tambayarki ya buɗe littafinsa: ya ga ta'adi da zub da jini sun cika ƙasa, shari'a ta mutu, ya yi ta kira bai ji amsa ba, ya tambayi Ubangiji har yaushe. Allah bai kore shi ba, ya ma sa aka ajiye kukan nan cikin Littafi Mai Tsarki domin irinki. Zabura 13 da 88 ma haka suke. Mutumin da ya kai ƙararsa gaban Allah ya riga ya yarda akwai Alƙali.

Abin da ƙasarku ta gani ba kaɗan ba ne. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da ke nan Bakura, aka kashe masu tsaro, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, a kwanakin ne kuma gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako. A watan Mayu 2022 aka kashe fiye da mutum 40 a Damri da ƙauyukan da ke kusa da ita. Mafi yawan waɗanda aka binne a wannan masifa maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma tambayar da ke ci miki rai tana ci wa iyayensu mata rai. Na faɗi wannan ne don kada Shaiɗan ya raɗa miki cewa gidanku kaɗai Allah ya juya wa baya.

Abin da aka faɗa muku a coci gaskiya ne. Allah ne mai mulki. Ba wani lungu a dajin Zamfara da ya fi ƙarfinsa, ba wani kachalla da numfashinsa ke hannun kansa. Yesu ya ce ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa a bakin kuɗi kaɗan ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba (Matiyu 10:29). Da a ce akwai wani abu da ke faruwa a bayan idonsa, da ba mu da wurin gudu. Amma gaskiya ce da aka ba ku rabinta, kuma rabin gaskiya a gidan makoki yana iya zama dutse a ƙirji.

Sauran rabin ga shi. Wasiƙar Yakubu 1:13 ta faɗa a fili cewa mugunta ba ta jarabtar Allah, shi ma ba ya jarabtar kowa da ita. Mugun nufi daga zuciyar mutum yake tsirowa. Wanda ya ɗauki bindiga ya tare hanya, da wanda ya tsegunta masa lokacin fitowar mota, da wanda ya sayar masa da harsashi, da wanda ya karɓi albashin tsaro ya kwanta barci, kowannensu ya yi abin da ransa ya zaɓa, kuma zai amsa da bakinsa. To, ga amsata kai tsaye: Allah bai ji daɗin abin da aka yi wa ƙanin mijinki ba, bai umarci kowa ya yi shi ba, ya hana shi tun a cikin Dokoki Goma. Ya dai bari ya faru, yana da ikon hanawa bai hana ba. Wannan ne wurin da ke da zafi, ba zan rufe miki shi da ganye ba. Littafi Mai Tsarki yana riƙe da duka biyun a lokaci ɗaya: Allah bai sauka daga kursiyinsa ba a ranar nan, kuma laifin yana wuyan masu laifi ɗungum.

Ki duba labarin Yusufu. 'Yan'uwansa suka jefa shi a rami, suka sayar da shi ga fatake, suka kai wa tsohonsu riga mai jini. Yana ɗan shekara 17 abin ya faru, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku. Da suka durƙusa a gabansa bayan rasuwar mahaifinsu, a Farawa 50:20, bai ce musu ba kome, ƙaddara ce ba. Ya kira abin da suka yi da sunansa, ya ce mugunta suka ƙulla. Sa'an nan ya ƙara da cewa a cikin wannan abu ɗin dai Allah yana da nasa nufin na alheri, na ceton rayuka masu yawa daga yunwa. Aiki ɗaya, nufi biyu. Nufin Allah bai wanke 'yan'uwan ba, muguntarsu kuma ba ta ɗaure hannun Allah ba. Ki kuma lura da wanda ya yi maganar da lokacin da ya yi ta. Wanda aka zalunta ne ya faɗa, da bakinsa, bayan shekaru masu yawa. Da wani baƙo ya leƙa ramin a ranar farko ya ce masa yaro yi haƙuri, haka Allah ya so, ya kama hanyarsa, da mugunta ya ƙara a kan mugunta.

Inda abin ya fi fitowa sarai shi ne gicciye. A ranar Fentikos Bitrus ya gaya wa mutanen Urushalima cewa an ba da Yesu bisa ga shirin da Allah ya tsara tun da, kuma a cikin numfashi ɗaya ya ce su ne suka kashe shi ta hannun mugaye, ya kira su ga tuba (Ayyukan Manzanni 2:23). Hirudus da Bilatus sun yi abin da son zuciya da tsoron rasa kujera suka sa su. Allah kuwa ya ɗauki mafi munin aikin da 'yan Adam suka taɓa yi ya mai da shi ƙofar ceto. Wannan ne ya sa in Kirista ya ce Allah ne mai mulki, yana nufin wani abu na musamman. Mai mulkin da muke bauta wa an kama shi da dare, an ɗaure shi, an sayar da shi a kan kuɗi, an yi masa ba'a, ya mutu yana jin ƙishirwa. Abin da ƙanin mijinki ya sha a daji ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Kuma a bakin kabarin Li'azaru, yana sane zai ta da shi nan da ɗan lokaci, sai da ya yi kuka. In wanda ya san ƙarshen labari ya zub da hawaye, kada kowa ya hana ki naki da sunan bangaskiya.

Ina so in daɗe kaɗan a kan kalmar nan ta ƙaddara da ake yi muku ta'aziyya da ita, domin na ga yadda take cutar da mutanenmu. Yawancin masu faɗinta da zuciya ɗaya suke faɗi, ba su da wata kalmar ce, ki karɓi gaisuwarsu da mutunci. Amma akwai masu amfani da ita don a rufe bincike. Tsofaffin ƙasarku sun san tarihin madatsar Bakolori. An gina ta a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, manoma suka yi ta jiran diyya da filayen da aka yi musu alkawari, da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sanda, aka kashe manoma da dama. Akwai mutanen da suka zauna a ofis suka yanke shawarar nan. Wanda ya ce wa gwauruwar ɗaya daga cikin manoman nan ƙaddara ce kawai, ya taimaki masu hannu a ciki su wanke hannu. Yau kuma daga wannan madatsar maigidanki yake shayar da shinkafarsa. Allah ya fitar da abinci daga wurin da aka zub da jini, wannan bai mai da zub da jinin daidai ba.

Haka a 2010, da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da an tsaya a kan cewa kwanansu ne ya ƙare, da an ci gaba da haƙa kaburbura. Likitocin ƙungiyar MSF da jami'an lafiya suka bincika, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 sun riga sun tafi. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka ba yara magani, mutuwar ta ragu ƙwarai. Masu binciken nan ba su yi faɗa da ikon Allah ba. Ta hannunsu ikon nasa ya yi aiki.

Yanzu ga abin da na san ya fi ci miki rai, ko da ba ki sa shi cikin jerin tambayoyin ba: me ya sa ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba? Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkon surar wani sarki Hirudus dabam ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ya ga abin ya faranta wa mutane rai, ya kama Bitrus. Ikkilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe. Manzanni biyu, dukansu na kusa da Yesu, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya. Luka bai rubuta ko kalma ɗaya da ke nuna Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba, ko an fi yi masa addu'a. Bai ba da dalili ba sam. Kuma a ƙarshen surar Hirudus ɗin ne ya faɗi ya mutu, Maganar Allah ta ci gaba da yaɗuwa.

Saboda haka duk wanda ya ce muku wani zunubi ne a gidanku ya jawo wannan, ko addu'arku ce ba ta kai ba, ku ƙi maganarsa. Yesu da kansa ya rufe wannan ƙofa. Da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya haɗa da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba (Luka 13). Abokan Ayuba sun yi kyau kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman su kare Allah ta wurin ɗora wa Ayuba laifi, a ƙarshen littafin su ne Allah ya yi fushi da su. Ina roƙon 'yan'uwana fastoci da dattawa su riƙa tuna wannan kafin su shiga gidan makoki, musamman masu saurin jawo Romawa 8:28, inda aka ce kome yana aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah. Ayar gaskiya ce, amma alherin da take magana a kai aya ta gaba ta bayyana shi: a mai da mu kamannin Ɗansa. Ba ta yi alkawarin za a dawo da shanun huɗa a bana ba. Bulus ɗin da ya rubuta ta, a cikin surar dai ya lissafa yunwa da tsiraici da hatsari da takobi a matsayin abubuwan da za su iya samun mai bi, ya ce ba ɗayansu da zai raba mu da ƙaunar Almasihu. Ƙanin mijinki ya mutu nesa da gida, amma bai mutu nesa da Ubangijinsa ba, kuma wanda ya san inda kowane tsuntsu ya faɗi ya san inda ƙasusuwansa suke. Zai tashe shi.

Wani lokaci alherin yakan yi nisa har mai shuka bai gan shi ba. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashen nan namu. Cikin 1894 ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida, Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Duk mai hankali a lokacin zai ce asara ce tsantsa. Daga tafiyar nan tasu mishan ta SIM ta samo asali, daga ita kuma ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans bai ga ko coci ɗaya ba. Ban kawo wannan don in ce na san abin da za a girba daga mutuwar naku ba. Na kawo shi ne don ki ga cewa shekara ɗaya ta yi kaɗan a auna aikin Allah da ita.

Sai maganar addu'a. Da Allah ba shi da iko a kan zuciyar mai bindiga, da ruwan sama, da shawarar gwamna, to da addu'a ce ba ta da amfani, domin roƙon wanda ba ya iyawa ɓata baki ne. Muna roƙo ne saboda yana iyawa. Kuma Allah da ya nufi girbi shi ya nufi shuka. Maigidanki bai taɓa cewa in Allah ya rubuta zan ci shinkafa, ba sai na yi dashe ba. Addu'a tana cikin hanyoyin da Allah ya zaɓa ya yi aiki da su, kamar yadda ya zaɓi addu'ar gidan Maryamu uwar Markus a daren da Bitrus ya fito. Ba dukan roƙo ake amsawa yadda muka so ba, wannan kin riga kin ɗanɗana. A Getsamani Yesu ya roƙa har sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uban. Ya faɗi abin da yake so ba tare da kunya ba, sa'an nan ya sallama. Ki bi wannan tsari. Kada ki fara da sallamawa tun ba ki faɗi abin da ke ranki ba, domin wannan yakan zama fushi da aka binne. In kalmomi sun ƙare miki, ki karanta Zabura da ƙarfi, ko ki je zumuntar mata ki zauna su yi a madadinki.

Masana tauhidi sun daɗe suna gardama a kan yadda ikon Allah da zaɓin mutum suke haɗuwa. Mabiyan Kalbin da na Arminiyus sun kai maganar har babban taron Dort a ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, kuma har yau makarantun Littafi Mai Tsarki ba su gama da ita ba. Amma duka ɓangarorin sun yarda da abin da kike bukata: Allah ba shi ne mawallafin zunubi ba, kuma ba abin da ya kuɓuce masa.

A kan komawa Gusau, ina girmama dattijon, amma bai yi daidai ba. Yusufu mijin Maryamu ya ɗauke ta da jariri Yesu da dare suka gudu Masar, kuma mala'ika ne ya ce su gudu. Yesu ya gaya wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su tafi wani (Matiyu 10:23). An zura Bulus a cikin kwando ta katangar Dimashƙu. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tunda mala'iku za su tare shi, Yesu ya kira wannan gwada Allah. Akwai kuma labarin jirgin ruwan da ke Ayyukan Manzanni 27. Allah ya riga ya tabbatar wa Bulus cewa cikin mutum 276 ba wanda zai mutu. Duk da haka da ma'aikatan jirgin suka so su sulale, Bulus ya gaya wa sojoji cewa in waɗannan suka tafi ba mai tsira. Ya kuma sa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfin iyo. Alkawari yana nan, dabara tana nan, Bulus bai ga saɓani a tsakaninsu ba. Nehemiya ma da ake barazanar kai musu hari, addu'a ya yi ya kuma sa masu gadi dare da rana.

Tambayar ba sabuwa ba ce a ikkilisiya. Lokacin da mayaƙan Bandal suka ƙetaro Afirka ta Arewa a 429, wani bishof ya rubuto wa Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, yana tambaya ko ya halatta a gudu. Agustin ya amsa cewa kada a hana jama'a tafiya inda za su tsira, amma makiyayi ba zai bar tumakin da suka rage ba mai hidima ba. Shi kansa ya zauna, ya rasu a 430 garin yana kewaye da abokan gaba. A 1527 da annoba ta shiga Witenbag a Jamus, Martin Luta ya zauna yana jinyar marasa lafiya, amma ya rubuta cewa wanda ba a rataya masa nauyin wasu ba yana iya tafiya, kuma mai ƙin magani da kariya gwada Allah yake yi. Ma'aunin ke nan: wane ne Allah ya sa a hannunka? Fasto yana da garke. Ke da maigidanki kuna da 'ya'ya huɗu, ga kuma matar marigayin da nata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kun zauna don akwai tsofaffin da ba za ku iya bari ba, ko don gonar ce kaɗai abincinku, kun yi da bangaskiya. In kun tafi don ku tsare yaran, kun yi da bangaskiya. Wanda ya zauna kada ya rena wanda ya tafi. Haka kuma kada ku bar kowa ya sa muku damuwa a kan kuɗin fansar da kuka biya. Kun sayar da dabba don ku ceci mutum, da wuƙa a wuya. Zunubin yana kan wanda ya karɓa.

Ɗanki ne ya fi ba ni tsoro a duk wasiƙar. A nan ne koyarwar mulkin Allah take da aiki mafi girma a gidanki. Yaron yana ganin in bai rama ba, jinin baffansa ya tafi a banza. Kada ki ce masa ya manta, kada ki ce masa abin ba kome ba ne, zai daina jin maganarki. Ki gaya masa fushinsa a kan zalunci daidai ne, Allah ma yana fushi da shi. Sa'an nan ku karanta Romawa 12:19 tare, inda aka ce ramuwa ta Ubangiji ce. Ana hana mu ramuwa ne domin akwai wanda zai yi ta daidai, wanda ba ya kuskuren mutum. Mu kuwa muna kuskure. Ƙasar Zamfara ta ga yadda ramuwar gayya take: a kashe wa wani ɗan'uwa, ya je ya huce a kan Bafulatanin da ya zo cin kasuwa bai san hawa ba bai san sauka ba, 'ya'yan wannan kuma su shiga daji. Da yawa daga cikin rugagen Fulanin nan su ma an kore musu shanu, an kashe musu mutane. Tsaron gari a ƙarƙashin hukuma abu ne mai kyau, Romawa 13 ta ba hukuma takobi don wannan, kuma muna da hakkin mu matsa wa shugabanni su yi aikinsu, mu yi magana, mu kai ƙara, mu yi zaɓe da idonmu a buɗe. Amma yaron da zuciyarsa ke tafasa bai dace da riƙe makami ba. Ki nemi wani namiji mai hankali a ikkilisiya, wanda yaron yake jin nauyinsa, ya jawo shi jiki, ya sa shi aiki. In maganar makarantarsa ta tsaya, wannan kaɗai dalili ne mai ƙarfi a cikin shawarar Gusau.

A rayuwar yau da gobe abin ba ya bukatar manyan kalmomi. Yakubu 4 ta gargaɗi 'yan kasuwa masu cewa gobe za mu je gari kaza mu ci riba, ta ce su riƙa sa nufin Ubangiji a gaba. Ba ta hana su tafiya kasuwa ba. Ki soya ƙuli-ƙulinki, ki tambayi labarin hanya kafin ki shiga motar Talata Mafara, kada ki yi tafiyar yamma, ki kai yara rigakafi, ki ajiye ɗan abin da ya samu. In kin kwanta ki tuna tsaron daren ba a wuyanki yake ba, kin yi naki. Maƙwabciyarki Musulma da aka ɗauke wa ɗa, ki je ki zauna da ita, ki kai mata abin da kike da shi. Sau da yawa in Allah zai amsa kukan wani gida, ƙafar maƙwabci yake aikowa.

In kun yanke shawarar tafiya, ku yi ta a tsanake. Maigidanki ya fara zuwa ya ga wurin zama da abin yi kafin a kwashi yara. Gonar Bakolori kada a yi gaggawar sayar da ita, a ba wani amintacce aro ko haya a gaban shaidu, da takarda. Ku karɓi wasiƙar shaida daga fastonku zuwa ikkilisiyar da za ku shiga, don kada ku zama baƙi marasa kowa a birni. Ku kuma zauna da matar marigayin ku ji ra'ayinta tun kafin a ɗaure kaya, domin ita da marayunta suna cikin lissafin duk inda za ku.